Akuyar Maƙwabciya da Dirkar Kusurwa

Ga tambaya da za ku yi shawara a kanta da iyalinka bayan tuwon dare. Idan akuya ta shiga garkar mutum ta yi ɓarna, laifin wa ne, na mai akuya ko na mai shinge?

Kakanninmu sun raba gardamar da lokaci. Da damina, har a gama kwashe amfanin gona, mai dabba ne zai ɗaure abinsa a turke. Bayan an saki gonaki kuwa, mai garka ne zai kewaye nasa. Dokar makiyaya ta shekarar 2010 ta bi wannan sawu, gama hukuma ce ke sa ranar rufe gonaki da ranar sakinsu kowace shekara. Abin ba wasa ba ne. A 1991, a Toda cikin ƙasar Maradi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100.

Amma bari in fara da shingen kansa. Tun yunwar 1984 mutanenmu suka rungumi noman rani, ni ma ina da 'yar garka a bakin fadama, na kewaye ta da ragar waya. Wanda ya taɓa jan waya ya sani ƙarfin shinge a kusurwa yake. Dirkokin tsakiya riƙe waya kaɗai suke yi, gama abin da ya ja su gabas shi ke jansu yamma. Ta kusurwa kuwa gefe biyu ke janta, dukansu zuwa ciki, ba mai mayar da ita. Domin haka ake zaɓa mata itace mai kauri wanda gara ba ta so, kamar ƙirya. A babbake gindinsa, a haƙa rami wajen kamu biyu, a riƙa zuba ƙasa kaɗan kaɗan ana kirɓawa da taɓarya. Sa'an nan a sa tokari biyu, kowane yana bin layin waya ɗaya, kansa a wuyan dirkar, gindinsa a kan dutse domin kada ya nutse. Kusurwa uku na yi haka. Ta huɗu rana ta yi zafi, itace ya ƙare, na ce sai gobe.

Da ƙasa ta jiƙa dirkar ta fara karkata, waya ta yi sanyi, ƙasanta ya ɗaga kamar taƙi ɗaya. Mako uku ina wucewa ina gani. Akuya kuwa, inda kanta ya shiga jikinta zai bi.

Sauran kwana goma a saki gonaki, jar akuyar maƙwabciyata ta tsinke igiya, ta shiga ta nan, ta cinye mini irin albasa fage biyu da salati. Matar nan mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, akuyar nan mai ciki ita ce asusunta. Na kai ƙara. Mai gari ya tambayi rana, aka faɗa masa, ya ce ta biya jaka biyar. Bai tambayi shinge ba, ni ma ban faɗa ba. Da muka fito ta ce mini, "Malam, ka yi mini haƙuri zuwa ranar kasuwa in kai ta."

To, a nan tambayar take. Shari'a ta ba ni gaskiya, ban kuwa yi ƙarya ba ko kalma ɗaya. Littafin Fitowa, sura 22 aya 5, ya ɗora biyan ɓarna a kan mai dabba, har ya ce daga mafi kyaun amfaninsa zai biya. Da na karanta wa iyalina wurin da dare, sai uwargida ta ce, "Wancan sakin dabbarsa ya yi. Ita wannan ɗaurewa ta yi." Na ce igiyarta ruɓaɓɓiya ce, ta kuwa sani. Ta ce, "Kai fa, ba ka san dirkarka ba?" Ban sami amsa ba, na aiki yaro ya duba jaki.

Sakaci biyu ne suka gamu a kusurwar nan. Da igiyarta tana da kyau, da akuya ba ta zo ba. Da dirkata tana tsaye, da ta zo ta koma. Mai gari ya auna ɗaya kaɗai domin ɗaya aka kai gabansa, ni ne kuwa na riƙe ɗayan a baki. Hukuncinsa daidai ne bisa ga abin da ya ji. Kuɗin ne ba duka nawa ba.

Waɗansu 'yan'uwa a ekklesiya suka ce in yafe duka. Maƙwabcina na arewa, mai garka kamar ni, ya ce kada in kuskura, gama ran da aka ji Malam ba ya karɓar diyya, kowace igiya a unguwa za ta ruɓe, garkarsa ce kuma za ta sha. Ina ganin yana da gaskiya. Mutum yana da iko ya yafe hasararsa, amma tsoron biya shi ke tsare garkar matalaucin da ba shi da kuɗin waya, sai ƙayar magarya. Wannan kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai da zan kyautar.

Kashegari na koma wurin mai gari na faɗi zancen dirka a gaban mutane. Ba daɗi, dattijo ya ce ya ɓoye magana. Ya raba hasarar biyu. Na ce mata, "Inna, kada ki kai akuya kasuwa. Ki ba ni ɗanki babba kwana uku a maimakon kuɗin." Ta yarda. Maƙwabcina na arewa har yau yana cewa na sassauta da yawa, uwargida kuwa tana cewa kwana biyu ma sun isa.

Ni da yaron muka tone dirkar, muka zurfafa ramin, muka sa tokari biyu. Ya iya kirɓa ƙasa fiye da ni. Da muka gama na nuna masa yadda ake tufka igiyar kaba riɓi uku, ya tafi da ita gida.