Neman Izini a Cikin Na'ura da Mas'alar Sababi

Makiyayin da ya fito daga kwarin Tarka na ƙasar Belbeji, ya ɗaga salularsa domin ɗaukar hoton raƙumin da zai kai kasuwar Tanut a Damargu, zato yake yatsansa ne ya buɗe kyamara, alhali kuwa tsakanin yatsan nan da gilashin akwai matakai a jere waɗanda ba a tsallake ko ɗaya. Manhajar da ya taɓa ba ta da ikon isa ga ƙarfe da kanta. Sai ta kira babbar manhaja mai mulkin na'urar, ta ambaci sunan abin da take bukata, ita kuwa ta duba ko mai roƙon yana da izini, sa'an nan ta miƙa bukatar ga direba, wato 'yar manhajar da ta san harshen wannan ƙarfe shi kaɗai. In an yarda, sai a ba mai roƙo wata lamba da zai riƙa nunawa har ya gama ya rufe. In an hana, sai a komo masa da dalilin hani.

Wannan ƙa'ida ta kafu sosai a Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka a 1969, inda suka ba kowace na'ura suna tamkar fayil, ana buɗe ta da kira iri guda. Linux ta gaji tsarin a 1991, kuma a kanta aka ɗora Android da ke cikin saluloli da dama a Damargu. Hikimarsa bayyananniya ce, domin da kowace manhaja za ta kai hannu ga ƙarfe yadda ta so, da sun tattake juna, da kuma mai mugun nufi ya saurari asirin mutane ba da saninsu ba.

Abin da ya sa mai hankali ya kamata ya tsaya a nan shi ne tsohuwar mas'alar sababi da musabbabi, wadda Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya yi bahasinta da misalin wuta da auduga, kuma Shehu Sanusi ya taƙaice ta a Ummul Barahina da almajirai ke karantawa a zaurukanmu. Sun tabbatar cewa haɗuwar sababi da sakamakonsa al'ada ce da Allah Ya gudanar, tasiri kuwa nasa ne Shi kaɗai. Manomin geron Damargu, inda damina gajera ce, ya san haka a aikace: wanda bai yi shuka ba babu girbi gare shi, wanda ya shuka kuwa bai mallaki hadari ba.

Sai dai wajibi ne a san iyakar ƙiyasin, don kada a faɗa cikin tashbihi. Babbar manhaja tana neman direba saboda gazawarta, gama in babu shi ba ta iya motsa komai. Allah Maɗaukaki kuwa Mawadaci ne daga barin dukkan wasiɗa, ya sanya sabubba ne domin hikima da rahama ga bayi masu rauni. Saboda haka barin sababi da sunan tawakkali rashin ladabi ne ga tsarin da Ya shimfiɗa, dogaro ga sababi kuwa tawaya ce a tauhidi, kuma mumini ba ya da mafita face ya riƙi sababi da gaɓoɓinsa, ya tsare zuciyarsa daga dogaro gare shi.