Haɗama da Attajirin da Ya Haɗiyi Taɓarya

Haɗama ba ta zuwa wa mutum da sunanta. Da za ta yi sallama ta ce ita ce, da ba mai shimfiɗa mata tabarma. Shigar hangen nesa take yi, ta raɗa maka cewa kai kaɗai ka gano abin da ya ɓace wa sauran 'yan kasuwa, don haka ka saya, ka ƙara saya, maganar biya sai daga baya. Duk sanda na yi wannan tunani, Robert Morris ne ke faɗo mini a rai.

An haife shi a Libaful ta Ingila a 1734. Ya fara da yaron shago a gidan Willing da ke Filadelfiya, har ya zama abokin tarayya, jiragensu na zirga-zirga da fulawa da taba tsakanin Amurka da Turai da tsibiran Karibiyan. Kada mu wanke shi tas, domin kamfanin ya taɓa cinikin bayi. Amma ta fuskar cika alkawarin kuɗi, ba a jin kansa da kowa. Da aka danƙa masa baitulmalin Amurka a 1781, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, ya tarar da shi ƙaf. Sai ya riƙa ba da takardun bashi da sunansa, mutane kuwa suka fi amincewa da sa hannunsa a kan kuɗin gwamnati.

Bayan yaƙi ya zuba jari a jirgin Empress of China, wanda ya tashi daga Niyok ranar 22 ga Fabrairu, 1784, ya zama jirgin Amurka na farko da ya isa Kanton ta ƙasar Sin. Ya tafi da saiwar maganin nan jinsan, ya komo a 1785 da ganyen shayi da siliki da tangaran, aka raba riba. Wannan fatauci ne sosai. Kaya ga su a ido, an auna, an ƙirga, an san abin da za a rasa in teku ta ci jirgin.

Daga nan ne ido ya buɗe a kan filaye. A 1791 Morris ya sayi izinin mallakar miliyoyin eka a yammacin jihar Niyok, bai daɗe ba ya sayar da mafi yawansu ga wasu attajiran Holan. Sai dai ƙasar tana da masu ita, wato al'ummar Seneka, waɗanda gonakin masararsu da kaburburan kakanninsu ke wurin, kuma Holandawan sun riƙe wani kaso na kuɗin sai ya raba Seneca da ita. A 1797 ya tura ɗansa Thomas zaman sulhu a Big Tree. Aka kwarara giya, aka toshe bakin wasu shugabanni, aka karɓe fiye da eka miliyan 3 a kan dala 100,000. Ka yi lissafi da kanka: kusan santi 3 ke nan kowace eka. Masu ba da labarin Morris sukan tsallake wannan wuri su garzaya inda za a tausaya masa. Ni a nan nake ganin haɗama tsirara, domin tun kafin ta ci mai ita sai da ta fara cin na gefe.

A 1795 ya haɗa kai da John Nicholson da James Greenleaf suka kafa kamfanin filaye mai eka miliyan 6, daga Fensilbaniya har Jojiya, ga kuma dubban fulotai a sabon birnin Washintan da ake ginawa. Kusan duk da bashi. Wannan ya tsaya wa wancan, wancan ya tsaya wa wannan, a ci sabon bashi a toshe tsoho. Sun sa rai Turawa za su yi ta kwararowa su saya. Yaƙi ya turnuƙe Turai, kuɗi ya ɓuya, a 1797 Bankin Ingila ma ya daina biya da zinariya. Daji kuwa ba ya biya wa kansa haraji, ba ya kuma biyan kuɗin ruwa. Ana cikin haka yana gina katafaren gida da dutsen marmara a Filadelfiya, wanda bai taɓa kwana a ciki ba. Mutanen gari suka sa wa kangon suna Wautar Morris.

Abin da ya fi ba ni mamaki, hasashensa bai yi kuskure ba. Ƙasar yammacin Niyok ta yi daraja daga baya, birnin Baffalo ma a kanta yake zaune yau. Basira yana da ita, abin da ya rasa shi ne sanin inda maƙogwaronsa ya tsaya. Kowa ya haɗiyi taɓarya ya kwana tsaye.

Ya ɓuya a gidan gonarsa na wata da watanni, masu bin bashi na jira a ƙofa. A Fabrairun 1798 aka kai shi gidan yarin masu bashi da ke titin Prune, ana bin sa kusan dala miliyan 3. George Washington, tsohon amininsa, ya je har can ya ci abinci tare da shi, amma zumunci bai biya bashin ba. Nicholson a ɗaure ya rasu a 1800. Morris ya fito a 1801 albarkacin sabuwar dokar masu karyewar arziki, ya rasu a 1806 a wani ƙaramin gida, shi da matarsa suna ci daga 'yan kuɗin shekara da Holandawan da ya sayar wa fili ke ba ta.