Ɗakin Wa Aka Bayar? Tsokaci a Kan Musayar Ɗaki a Jirgin Ruwa

Jama'a, akwai wasu manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da kan tashi daga Mayami ta ƙasar Amurka su zagaya tsibiran Karibiyan na tsawon mako guda. Kowanensu tamkar gari ne a kan ruwa, mai ɗauke da dubban mutane. Ɗakunan kwanan da ke ciki hawa-hawa ne: akwai na can ciki wanda ko taga ba shi da ita, akwai mai tagar da ba ta buɗuwa, akwai kuma mai baranda inda mutum zai zauna yana shan iskar teku. Kowane da kuɗinsa.

To, mu ɗauka wani iyali sun haɗa kai sun yi irin wannan tafiya. Babban wa ya biya ɗaki mai baranda shi da maiɗakinsa, mahaifiyarsu kuwa aka haɗa ta da jikoki biyu a ɗakin ciki. Da gari ya waye tsohuwa ta ce kanta na juyawa. Sai ƙanwa ta dubi wanta a gaban kowa ta ce, "Yaya, ko za ku bar wa Mama ɗakinku?" Nan take aka yi musayar katin buɗe ƙofa, aka kwashe kaya, kowa yana sa albarka.

Abin sha'awa ne, babu shakka. Amma ni kullum nakan tsaya a kan matar wan nan, wadda ba a tambaya ba, wadda ta yi murmushi ta ce ba komai. Wataƙila shekara biyu ta yi tana adashi don wannan barandar. Shin abin da aka roƙa a gaban suruka kyauta ne, ko kuwa ƙwace ne da aka sa wa rigar kunya? Ina ganin roƙon da ba a bar wa mutum ƙofar cewa a'a ba, umarni ne. Da ƙanwar ta ja su gefe, da sakamakon ɗaya zai kasance, amma da an bar wa matar ladar kyautarta.

Sai dai ba nan ne gizo ke saƙar ba. Iyalin nan sun ɗauka magana ce tsakaninsu, alhali akwai na uku da ba a sa shi a lissafi ba, wato jirgin kansa. Katin nan da suka miƙa wa juna ba mabuɗi ba ne kawai. Yana ɗauke da sunan mai shi, da asusun da ake cire kuɗin sayayyarsa, sannan an rubuta masa wurin da zai taru da jama'a idan haɗari ya auku, kuma wannan wuri da lambar ɗaki ake ƙayyade shi. Rajistar jirgi tana cewa tsohuwa da yara biyu na ɗaki kaza, ga shi kuwa tsohuwar tana hawa na tara, yaran sun koma wajen gwaggonsu.

Wani zai ce wannan ai tsanani ne. To, ƙa'idojin nan da rayuka aka saye su. Bayan jirgin Titanic ya nutse a 1912 da mutum fiye da 1,500, aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku a 1914. A ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Jiliyo na Italiya, da mutum fiye da 4,200 a ciki, mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a kai ga nuna musu wurin taruwa ba, shi ya sa daga 2015 aka wajabta yin wannan atisaye kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Masu ninƙaya sun yi makonni suna kutsawa cikin ɗakunan da ruwa ya cika, a cikin duhu, suna neman waɗanda suka ɓace, kuma sai a 2014 aka gano gawar ƙarshe. Mai yin wannan aiki da me yake dogara in ba da sunaye da lambobin ɗakuna ba?

Wannan yakan tuna mini misalin nan da ya zo a hadisi, na mutanen da suka yi ƙuri'a a kan wuraren zama a jirgi, wasu suka sami sama wasu ƙasa, har na ƙasa suka yi tunanin huda nasu kason don kada su dami na sama. Abin lura shi ne niyyarsu kyakkyawa ce, gudun takura wa wasu suke yi. Haka ma iyalinmu, kunyar damun ma'aikata ce ta hana su magana, ko tsoron kada a ce a'a.

Ga shi kuwa gyaran ba wuya. A kowane irin wannan jirgi akwai teburin kula da fasinjoji, kuma galibi idan manya suka je tare suka yi bayani akan duba a sake musu kati. Wani lokaci akan ƙi, alal misali idan musayar za ta bar ƙananan yara su kaɗai a ɗaki mai nisa, ko ta tara mutane fiye da gadajen da ɗakin ke da su. A nan ne kuma wan zai koma wajen mahaifiyarsa da labarin da ba ta so ji ba, ƙanwarsa tana harararsa, matarsa kuwa ta sunkuyar da kai kada a ga fuskarta.