Ɓarna Ce ko Gyara?

Kowa ya san maƙerin da yakan tsinci gwangwanin madara a juji, ya yanka shi, ya mai da shi fitilar aci-bal-bal. Ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo. Amma da a ce ya ɗauki rediyo mai lafiya, ya farke cikinsa, ya mai da shi wani abu dabam, me za mu ce da shi? Wannan tambaya ce wasu masu fasaha na Amurka da Turai suka ajiye a gabanmu. Sana'arsu ita ce kutsawa cikin wasannin bidiyo, su sāke musu kama.

Bari mu fara da wani Ba'amurke, Cory Arcangel. A shekarar 2002 ya ɗauki kaset na wasan Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985. Ya buɗe shi, ya sauya umarnin da ke ciki. Ya cire ɗan mutumin nan mai tsalle-tsalle, ya cire abokan gābansa, ya cire ƙasar da yake gudu a kai. Abin da ya rage shi ne shuɗin sama da fararen gizagizai suna wucewa a hankali. Babu ci, babu faɗuwa, sai kallo. A 2004 aka nuna aikin a gidan adana kayan fasaha na Whitney a birnin New York.

To, sata ya yi? Tun muna yara aka koya mana cewa abin wani ba namu ba ne, kuma gaskiya ne. Waɗanda suka zana gizagizan nan sun yi gumi, suna da hakki. Amma mu lura da abu biyu. Ɓarawo yakan ɓoye inda ya samo kaya, shi kuwa wannan ya bar sunan Mario a jikin aikinsa. Ɓarawo yakan ɓoye dabararsa, shi kuwa ya bayyana wa duniya yadda ya yi. Bai kuma hana kowa wasansa ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna wa mutane wani abu mai kyau da suka shekara da shekaru suna wucewa a guje ba su gani ba.

Misali na biyu ya fi wannan nauyi. A 2002 rundunar sojan Amurka ta fitar da wasa mai suna America's Army, kyauta, domin ta jawo hankalin samari su shiga soja. A cikinsa akan harbe ka, ka faɗi, jim kaɗan ka tashi ka sāke ɗaukar bindiga. A watan Maris na 2006 wani malamin jami'a, Joseph DeLappe, ya fara shiga wasan ta intanet. Bai harbi kowa ba. Yakan ajiye bindigarsa, ya shiga rubuta sunan wani sojan Amurka da ya mutu a yaƙin Iraƙi, da shekarunsa, da ranar mutuwarsa, a wurin da 'yan wasa ke aika wa juna saƙo. In aka kashe shi, ya dawo ya ci gaba. Haka ya yi har ƙarshen 2011, ya rubuta sunaye fiye da 4,000.

'Yan wasa da yawa sun ji haushi. Sun zage shi, sau da yawa kuma sun kore shi. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, yana neman ɗan hutu, sai ga baƙo ya shigo masa da zancen makoki. Akwai kuma maganar iyayen mamatan: wa ya nemi izninsu kafin a kai sunan ɗansu filin wasa? Mai gaskiya ma yana iya taka hakkin maƙwabcinsa.

Duk da haka, a ganina, DeLappe bai yi ɓarna ba. Wasan da ya shiga ba na hutu kaɗai ba ne. An gina shi ne domin ya sa yaro ya ƙulla shawara a kan ransa, alhali an ɓoye masa rabin labarin. A wasa matacce yakan tashi, a Iraƙi kuwa ba ya tashi. Wanda ya faɗa wa yaron ɗaya rabin bai cuce shi ba, ko da ya ɓata masa rai. Gaskiya ɗaci gare ta.

Ba kowane mai kutse ne za a wanke ba. Akwai mai shiga kwamfutar wani ya kwashe kuɗi, akwai mai sauya wasa a ɓoye don ya cinye abokansa da zamba. Ilimin ɗaya ne, kamar yadda wuƙar mahauci da ta ɗan fashi duk ƙarfe ne. Abin da ya raba su shi ne wannan: ɗaya yana aiki a fili da sunansa don idon mutane ya buɗe, ɗayan yana aiki cikin duhu don aljihunsa ya cika.

Ya mai karatu, an rufe America's Army a 2022, amma wasanni irinsa suna cikin wayoyin da ke hannun 'ya'yanmu. Ba lalle ne mu iya farke su kamar waɗannan mutane ba. Amma muna iya zama kusa da yaro mu tambaye shi: wa ya yi wannan wasa, me yake nema daga gare ka, me kuma ya bari bai nuna maka ba? Yaron da ya saba yin wannan tambaya, da wuya wani ya ja shi da igiya a hanci.