AWON AMFANI DA ƁARNA A MA'AUNIN SHARI'A



Akwai wata hanya da hukumomi ke bi a wannan zamani kafin su soma babban aiki kamar madatsar ruwa ko hanyar mota. Masana sukan zauna su ƙiyasta amfanin da aikin zai kawo, su mai da shi kuɗi, su ƙiyasta abin da zai ci da ɓarnar da zai jawo, su ma su mai da su kuɗi, sa'an nan su gwada. In amfani ya rinjaya sai a ce aiki ya cancanta. Wannan hanya ta kafu a Amurka tun 1936, sa'ad da aka yi dokar yaƙi da ambaliya, wadda ta sharɗanta cewa amfanin aiki ya fi kuɗinsa, ko a hannun wa amfanin zai faɗa. To, a kan wannan gaɓa ta ƙarshe maganar take.

Shi dai awo ba baƙo ba ne ga Musulmi. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Allah Maɗaukaki bai kore amfani ga giya da caca ba. Ya ambace shi, kana Ya bayyana cewa zunubinsu ya fi shi girma. Manzon Allah (S.A.W.) ya bar Ka'aba a kan ginin Ƙuraishawa, alhali ya so ya mai da ita kan harsashin Annabi Ibrahim, domin mutanen Makka sababbin shiga Musulunci ne, rushe ɗakin zai girgiza zukatansu. Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum, Ƙawa'idul Ahkam, a kan rinjayar da maslaha bisa ɓarna. Saboda haka mai cewa wannan lissafi bidi'ar Nasara ce bai yi bincike ba.

Amma mai karatu ya dubi ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi. Halliru ya huda jirgin miskinai don kada azzalumin sarki ya ƙwace shi. Wa ya yi hasarar katako? Masu jirgi. Wa ya tsira da jirgi? Su ɗin dai. Watau ɓarna da amfani a gida ɗaya suka sauka. Lissafin zamani kuwa tara jimla yake yi. Idan mutum ɗari sun ci ribar naira dubu dubu, mutum goma kuma sun rasa gonakinsu ƙaf, takarda za ta nuna an ci riba, ba ruwanta da kukan goman nan. Shari'a kuwa da ruwanta, gama dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, ko da wani haƙƙi bayyananne.

Mutanen ƙasar Sakkwato ba sai an kai su nesa neman misali ba. An gama gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a 1978, a lokacin da yankin yake cikin Jihar Sakkwato. Niyyar kyakkyawa ce: a shayar da kadada sama da 20,000, a yi noman rani. Amma ruwan da aka tare ya ci gidaje da gonakin dubban mutane, waɗansu kuma aka hana su shuka har damina ta wuce ana baje filaye. Maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, ran 28 ga Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka musu. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Ko da rai guda ne, da wane farashi za a shigar da shi a takarda?

Akwai kuma waɗanda ba a ji muryarsu ba sam, su ne mutanen gangaren gulbi. Ambaliyar da injiniya yake ɗauka masifa ce, ita ce abincin mai fadama, ita ke kawo masa laka da kifi, ita ke barin damshin da zai yi lambu da rani. Wani masani daga Ingila, William Adams, ya buga bincikensa a 1985, inda ya nuna cewa bayan datse gulbin noman shinkafa da kamun kifi sun ja baya a ƙauyukan gangare, har manoma suka koma gero da dawa. Duk mai noman fadama a Kebbe ko Tambuwal ya san ma'anar wannan ba sai an yi masa fassara ba. Ma'aunin da aka bar waɗannan mutane a wajensa tauyayye ne, kuma Suratul Muɗaffifina ba 'yan awon hatsi kaɗai take tsoratarwa ba. Ta haɗa da mai alƙalamin da ke kumbura amfani, ya ƙanƙantar da ɓarna, don kwangila ta fita.

Kada a fahimci cewa Musulunci ya hana a karɓi fili don bukatar jama'a. Malaman Malikiyya sun halatta a tilasta wa mutum sayar da wurinsa don faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya, amma da cikakken farashi. Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya nemi gidan Abbas, baffan Manzon Allah, don ya ƙara wa masallacin Madina faɗi. Abbas ya ƙi. Halifa guda bai aika da dakaru ba, sai suka kai magana gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, shi kuwa ya ba Abbas gaskiya. Da Abbas ya ga haƙƙinsa ya tabbata, sai ya ba da gidan sadaka. A Makka kuwa Umar ya rushe gidajen waɗanda suka ƙi sayarwa, ya ajiye musu kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa. A wuri biyun nan ba a taɓa cewa yawan masallata ya shafe haƙƙin mai gida ba.

Dokar Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don bukatar jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke bisa ƙasa ce, kamar gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka nauyi ya ƙaru a wuyan iyayen ƙasa da hakimai da limamai, gama su suka san wanda takarda ba ta sani ba. Ranar da masu safiyo suka iso wani ƙauye a ƙasar Tambuwal ko Kebbe da turakunsu, sunan mai gona shi ne zai shiga littafi. Wanda ke noma ta aro ko jingina ba zai shiga ba. Haka Bafillacen da burtalinsa ya bi ta nan, da masunci, da marayun da ba a raba musu gado ba tukuna, da matar da kasonta ke hannun ɗan'uwanta. Wajibi ne a kira waɗannan a ji ta bakinsu, a rubuta hasararsu, a biya su kafin katafila ta taka gona, ba bayan an girbe alkamar farko ba.