Masu Bin Malam Bashi

Sa'ad da aka rufe makarantu wajen ƙarshen watan Yuli, ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, mutane sukan dubi malamin makaranta su ce ya sami banza, mako shida ko fiye ba alli ba allo, ga albashi kuma na tafiya. Ni ma da haka nake zato, sai ran da na zauna a zaure da wani abokina, malamin firamare, ya ce mini shi dogon hutu lokaci ne da masu binsa bashi sukan taru a ƙofar gidansa. Na ce, "Malam, bashin me kuma?" Ya ce, "Bashin lokaci."

Ga yadda ya bayyana mini. Shekarar karatu zango uku ce, kuma cikin ukun nan aiki shi ne mai bin bashin da ya fi kowa baki. Yana da ƙararrawa, yana da rajista, yana da mai duba makarantu. In ka makara yau, gobe kowa ya sani. Salla ita ma ba ta cika cutuwa ba wajen mai tsoron Allah, domin an yanka mata lokatai biyar, ladan kuma ba ya fashi, ko da yake malamin ya yarda sau da yawa jikinsa ne ke sahu, zuciyarsa tana kan jarrabawar aji shida. Amma aboki, in ji shi, ba ya kai ƙara, ba ya aiko da ɗan doka. Saboda haka kullum shi ake ce wa ya dawo gobe.

A nan ne ya yi shiru, sa'an nan ya ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yana da wani abokinsa tun suna makarantar allo, tare suka sauke Alƙur'ani. Cikin zango na biyu aka aiko masa cewa abokin yana kwance a ƙauyensu, tafiyar da ba ta wuce sa'a biyu da keke ba. Ya ce sai Asabar. Asabar ta zo, ga takardun yara jibge. Ya ce to, sai an yi hutu ya je ya kwana biyu. Ba a kai ga hutun ba aka aiko da rasuwa.

To, jama'a, malamin nan ya yi laifi ko bai yi ba? Kada mu yi saurin yanke masa hukunci. 'Ya'yan mutane amana ne a hannunsa, kuma malamin da ya bar aji ya tafi zumunci cikin sa'o'in da ake biyansa ya ci haram, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Wannan ba na ja da shi. Abin da na ce masa shi ne, Asabar ɗin nan ba ta cikin abin da aka saya daga gare shi. Shi ya ɗauka ya ƙara wa aiki gyara, don aiki ne ke jawo yabo a idon manya, zuwa dubiya kuwa ba mai rubuta ta a littafi. Mu da muka saba da aikin ofis mun san wannan ciwo sarai, har mukan kira shi ƙwazo.

Ko ibada ma ba a yarda ta cinye rabon sauran ba. Buhari ya ruwaito labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, waɗanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu a Madina. Salmanu ya kai ziyara, ya tarar ɗan'uwansa ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina ado. Aka kawo abinci, Salmanu ya ƙi ci sai da mai gida ya karya azumin nafilarsa. Da dare kuma ya hana shi tashi, sai can kusa da asuba suka tashi tare suka yi salla. Ya tuna masa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, haka jikinsa, haka iyalinsa. Da maganar ta je gun Annabi, ya gaskata Salmanu. Abin lura, aboki ne ya taka ya zo ya yi wannan gyara. Da Salmanu ya ce sai ya sami sarari, wa zai faɗa wa Abud Darda'i?

Batun hutun jiki ba ya bukatar dogon bayani wajen manomi, wanda ya san gonar da aka matsa wa shekara da shekaru ba taki ba sauƙi takan gaji. Malamanmu na allo ma sukan sallami almajirai Alhamis da Juma'a. Sai dai akwai mai mai da hutunsa duka hira a gindin bishiya daga hantsi har magariba, ya ce zumunci yake yi, alhali kuwa bai leƙa mara lafiya ko ɗaya ba.

Inda muka saɓa da abokina shi ne, shi yana ganin dogon hutu ya ishi mutum ya biya abin da ya tara cikin wata tara. Ni kuwa na ce waɗansu basussukan ba su taruwa. Barcin da ka hana idonka a watan Maris ba ka rama shi a Agusta, gaisuwar da mara lafiya ke jira kuwa tana da ranarta. Bai amsa mini ba. Amma ran Laraba da sassafe na gan shi ya ɗaura fartanya a bayan keke. Na tambaye shi ina zuwa, ya ce marigayin ya bar gona da 'ya'ya ƙanana, ga shi lokacin maimai ya yi, ciyawa ba ta jira.