Bimbinin Safiya: Kujera Aro Ce

Abin karantawa: Suratu Ali Imrana, aya ta 26.

Mun idar da sallar Asuba, gari bai gama wayewa ba. Masu shayi a Kassalafam sun hura wuta, mahauta sun kama hanya, 'yan babur sun fara jigilar masu sammakon Kasuwar Kwango da ta Nkololun. Kafin hayaniyar Duwala ta haɗiye mu, mu ɗan zauna da kalma guda: "tsohon".

Babu muƙamin da wannan kalma ba ta jiransa a bakin ƙofa. Tsohon minista, tsohon magajin gari, tsohon depite. Majalisar dokokinmu ta Yawunde kujera 180 gare ta, kuma kowace akwai wanda ya tashi kafin mai ita na yau ya zauna. Ayar da muka karanta abin da take koya mana ke nan: mulki na Allah ne, Shi ke bayarwa, Shi ke karɓewa. Wanda aka ba aro kuwa, ranar mayarwa tana tafe.

Dattawanmu da suka yi fatauci tsakanin Kano da bakin teku suna yawan ambaton wani tsohon ɗan majalisa, Malam Aminu Kano. An haife shi a 1920 a birnin Kano, a gidan ilimi, mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne. Ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, ya ƙaro karatu a Landan, aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru. Albashi yana zuwa, girma yana jiransa. A 1950 ya ajiye aikin ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda ta tashi don talaka: manomin da haraji ya tanƙwara, makiyayin da jangali ya tatse, da wanda ake kamawa aikin tilas ba ko sisi.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. An ɗaure magoya bayansa, an yi wa wasu bulala. Ya tsaya zaɓe ya faɗi, ya sake tsayawa ya faɗi. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai da ke Ikko, kuma a zaɓen 1964 kujerar ta kuɓuce masa. Shekara biyar ke nan kacal. Daga baya ya riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya a gwamnatin Janar Gowon, ya nemi shugabancin Najeriya a 1979 a jam'iyyar PRP, Allah bai ba shi ba. Amma a wannan zaɓen ne gwamnonin jam'iyyarsa suka hau a Kano da Kaduna, suka soke haraji da jangali. Abin da ya yi kusan shekara talatin yana kira a kai, ta hannun wasu ya tabbata.

Ranar 17 ga Afrilu, 1983, ya koma ga Ubangijinsa. Mutumin da ya riƙe ma'aikatu biyu bai bar rumbun dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, inda aka binne shi, shi ne yau Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa. Amma abin da ya fi siminti ƙarfi shi ne yadda talaka, har wanda bai taɓa ganinsa ba, idan ya ce "Malam" sai ya bi da "Allah Ya ji ƙansa".

Ku duba fa. Akwai waɗanda suka fi shi daɗewa a majalisa, yau sai an buɗe kundi kafin a tuna da su. Ashe ba tsawon zama ake aunawa ba. Malam bai jira kujera ba kafin ya soma tsaya wa mai rauni, kuma da ta tafi bai daina ba. Shi ya sa kalmar "tsohon" ba ta rage shi da komai ba. Ta kama muƙamin, ta kasa kama halin.

Kada mu ce wannan wa'azin 'yan siyasa ne, mu bai shafe mu ba. Kowannenmu yana kan wata kujera da safen nan. Mai gida yana kan tasa a tsakanin iyalinsa. Uwar adashi tana riƙe da gumin mata ashirin a cikin jakarta. Mahauci yana tsaye a bayan sikeli, kuma mai saye ba ya ganin abin da ɗan yatsansa ke yi. Mai shago yana da yaron da iyayensa suka turo daga Garwa ko Marwa, suka ce ga amana. Malamin allo yana da almajirai, mai unguwa yana da baƙin da suka sauka ba su san kowa ba. Mu da kakanninmu suka zo garin nan da baƙunta, aka san su da riƙon amana har aka ba su bashi ba takarda, mun fi kowa sanin cewa suna jari ne.

Wata rana za a ce tsohon mai shagon nan, tsohuwar uwar adashinmu. Bayan wannan akwai kalmar da ta fi ta nauyi, wato "marigayi". Ranar ba za a tambaye ka shekara nawa ka yi a kai ba. Za a tambaye ka hakkin wa ka tsare, hakkin wa ka ci.

Tambayar yau: wane ne yake ƙarƙashin hannuna, wanda ba zai iya kai ƙarata ko'ina ba sai wurin Allah? Kafin Azahar, me zan yi masa na adalci?

Addu'a: Ya Allah, Kai ne Mai mulkin da ba ya tsufa. Ka ji ƙan Malam Aminu da duk shugaban da ya ji tsoronKa a kan talakawa. Ka shiryi masu wakiltarmu, Ka tuna musu ranar sauka. Mu kuma Ka ba mu ikon riƙe ɗan abin da Ka damƙa mana da gaskiya, har mu mayar da aron ba tare da kunya ba. Amin.

A fita lafiya, Allah Ya ba da kasuwa.